Ƙahon Da Ya Hana Baba Sabuwar Gwiwa

Shekarun baya, sanyin ƙashi ya durƙusar da mahaifina. Mutumin da ke zuwa gonarsa ta bayan garin Dayi a ƙafa ya koma sai an ɗora shi a babur, a ajiye shi bakin gona yana kallo. Burinsa ɗaya ne, ya sake ratsa kunyoyin masararsa da ƙafarsa.

Da ƙyar muka samu wani asibiti a Abuja inda ake sauya gwiwa da taimakon na'urar mutum-mutumi. Likita ne ke aikin, ita kuma tana tsare masa awo kada ya zarce wajen yanke ƙashi. Aka ɗauki hoton gwiwar, aka ce mu dawo bayan mako uku. Za mu fito likitan ya ce mini da Turanci, "Yana da ciwon suga. Ko ƙwarzane kada ƙafar nan ta samu kafin ranar."

Na ce to. Ni ɗan boko, na dawo Malumfashi ina ta zuba a majalisa, ina kwatanta hannun na'urar kamar ni na ƙera ta. Har mai shayi sai da ya ji labari. Maganar ƙwarzane kuwa, ban gaya wa kowa ba.

Saura kwana huɗu na je ɗaukar Baba. Na tarar da shi a zaure, gwiwar nan duk shatin ƙaho, tsaga jere-jere. Baffana, ƙanensa, yana gefe yana washe baki.

"Baffa, mene ne wannan?"

"Wanzami na kira ya zuƙe mataccen jinin. Haka kawai za ka kai wa injin mutane ƙafa da datti? Ai sai a raina mu."

Innalillahi! Wallahi a tsaye nake amma ban san a tsaye nake ba.

Likita na gani ya ɗage aikin. Tsagar ta ƙi warkewa, ta zama gyambo. Kafin ta kame an yi damina biyu, zuciyar Baba ta yi rauni, aka ce jikinsa ba zai ɗauki aikin ba.

Na ƙullaci Baffa sosai, gaisuwa ma daga nesa nake ɗaga masa hannu. Wata rana ina zazzaga wa Baba mitar abin da ƙanensa ya jawo mana, sai ya katse ni, ko murya bai ɗaga ba.

"Ƙyale mini ƙanena. Shi abin da ya sani ya yi. Kai da ka ji Turancin, me ka gaya mana?"

Baba ya rasu bai sake taka gonar nan ba. Mutane suna ce mini haka Allah ya ƙaddara, kuma na yarda. Amma har gobe abin yana cina, don na san nawa bakin ne ya yi ta surutu mako uku, ya bar magana ɗaya da Baba yake bukata.