Muciyar da Ba Mu Sassaƙa Ba

Mun tashi da asuba daga unguwarmu ta Glenwood, ni da maƙwabcina ɗan Jos mai aikin kafinta, neman icen muciya. Sunan ɗiyata ya matso, kuma Anti mai tuwon taro ta rantse ba za ta sake tuƙi da cokalin Turawa ba. Maƙwabcin ne ya ga tallar wata tsohuwa a garin Summerfield tana rabar da katakon marigayi mijinta kyauta.

A titin Gate City Boulevard muka sayi shayi mai tsadar banza, ba zaƙi ba kauri. Can gaba gidaje suka fara nisa da juna, dawakai tsaye bayan shinge ko kunne ba sa kaɗawa.

Tsohuwar ta kai mu bargar bayan gida. Karenta ya toge a ƙofa, ya ƙi shiga. A kusurwa muka ga wani katako ya fi ni tsayi, ja sumul, a murɗe kamar filafilin kwalekwale. Abokina ya ƙwanƙwasa shi ya ce, "Malam, wannan muciya uku zai ba mu, har da canji!"

Ta ce farfelar jirgin saman yaƙin Jamus ce, kakan mijinta ya zo da ita daga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Na lura gindinta ya yi baƙi, a tsakiya kuma ga ramukan ƙusa. Na tambaya. Ta ce a lokacin in matuƙi ya mutu, farfelarsa ake kafa masa a kabari, a buga sunansa jiki. Kakan tuge ta ya yi, ya yar da sunan.

Tsigar jikina ta tashi. Wato da alamar kabarin wani za a tuƙa tuwon sunan 'yata. Muka yi godiya muka ce ba ma so, ta hana mu tafiya sai mun ci biredin masara, wani ɗanta na ta kai-kawo a waje wajen motarmu.

Da muka dawo gida na buɗe bayan motar, sai ga farfelar kwance cikin bargo, ashe ɗan ya saka mana ita.

Anti ta yi tuƙinta da muciyar aro. Ni dai na koyi tambayar asalin kayan kyauta. Tsohuwar ta daina ɗaukar wayata, farfelar na jingine a garejina, kuma ban san sunan mai ita ba. Duk sanda na shiga ɗauko wani abu, sai in ji na rage murya.