Yatsun Malam Tafireta

Shekara talatin da ɗaya Malam Tafireta ya yi yana buga takardu a ofishin rajista, bai taɓa kallon yatsunsa ba. Da ya yi ritaya zaman gida ya gagare shi, sai 'yarsa ta ba shi tebur a shagonta, inda ake cike wa mutane fom ta intanet. Gwajin mako guda, in ji ta, cikin ladabi.

Rubutu dai ba a koya masa. Linzamin kwamfuta ne ya raina shi. In ya nufi gabas, kibiyar da ke kan allo ta yi yamma. Sau biyu yana rufe shafin mutane bayan an gama cikewa. Ran Alhamis ya jiyo 'yarsa tana tambayar mijinta a waya yadda ake sallamar uba daga aiki.

Washegari wata malamar jinya ta zo sabunta lasisinta, tana ta duba agogo. Malam na cikin kokawa da linzami, babban yatsansa ya faɗa kan dogon maɓallin tazara, don sabo. Shafin ya gangara ƙasa.

Ya sake bugawa. Shafin ya sake gangarawa! Ya haɗa da maɓallin Shift, shafin ya hau sama. Sai idonsa ya kai kan maɓallin Tab, tsohon abokin aikinsa, yana gefen hagu inda ya bar shi. Ya taɓa, ya taɓa, sai ga shi a gidan rubuta suna na fom ɗin. Ya ƙara, ya faɗa gida na gaba.

"Ashe kana nan, ɗan albarka!"

"Baba, da ni kake?" in ji malamar jinyar.

"Ke ma da albarkarki, 'yata. Lambar lasisi?"

Minti huɗu aka gama. Kafin azahar ya gano maɓallin End na kai mutum ƙasan shafi, Home ya dawo da shi, Alt da maɓallin kibiyar hagu kuwa su mai da shi shafin baya. Duk wanda ya gano sai ya sanar da shagon da ƙarfi, har mai ɗinkin da ke maƙwabtaka ya leƙo ko lafiya.

'Yar ta daɗe tsaye a bayansa. Can ta juya ga masu jira a benci.

"Ku ukun nan, ku koma wurin Baba."

Malam bai ɗago ba, yatsu na ta gudu a kan maɓallai.

"A samo wa kujerar nan matashi," in ji shi. "Na ga alamar zaman zai yi tsawo."