Sanduƙin Inna

Da na yi ritaya daga aikin ofis, sai na ɗora wa kaina aikin da ba wanda ya sa ni: gyaran tsofaffin kayan katako. In na shiga kasuwar Dembe na ga kujera mai ƙafa uku, ko kabad ɗin da gara ta fara ci, sai in saya, in ɗora wa ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, har gidana a unguwar Mursal. Matata ta ce na mayar mata da tsakar gida juji. Ban kula ta ba, don hannuna ya faɗa, kuma na san ya faɗa.

Wata Juma'a na je unguwar Lamaji gaida Inna, wadda ƙanena ya ɗauke zuwa sabon gidansa tun da idonta ya mutu. Na zaga bayan ɗaki zan yi alwala, sai ga sanduƙinta a jikin garu. Kaji sun yi masa kashi, damina guda ta ƙare a kansa. Kakanmu ne ya taho da shi daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a nan, ya zauna. Daga hannunsa ya koma na Baba, kuma a ciki Inna take ajiye rigunan Baba har ya rasu.

Na faɗa falo raina a ɓace. Ƙanena yana miƙe a kushin yana latsa waya.

"Wa ya fitar da sanduƙin nan?"

"Yaya, bai dace da ɗakin ba ne. Mun saya mata sabon kabad. Kalas, magana ta ƙare, tsohon katako ne fa."

Na gaya masa maganganun da har yau ban janye ko ɗaya ba. Mutumin da ya san kuɗin tayil amma bai san darajar kayan ubansa ba, me za ka ce masa? A ranar na ɗauke sanduƙin.

Wata uku ina kansa. Na cire ƙusoshin da suka yi tsatsa, na sauya katakon gindi da ya ruɓe, na goge ƙarafan murfi har suka yi ƙyalli. Gaskiya ba don Inna kaɗai nake yi ba, so nake ƙanena ya gani ya ji kunya. Cikin sanduƙin kuwa baƙi ƙirin ne, da wani maiƙo mai kama yatsa. Na ɗauka dauɗar shekaru ce. Na sa wuƙa na kankare, na bi da samfefa har farin katako ya fito, sannan na shafa berni, man sheƙin katako, sau uku ciki da waje. Matata ta leƙo ta ce, "Malam, cikin nan da ka bar shi yadda yake." Na ce ta koma kan tukunyarta, me ta sani a katako?

Ranar da na mayar, sai da na tabbatar ƙanena yana gida. Na dire shi gaban Inna na ce, "Inna, ki shafa ki ji."

Ta shafa murfin, ta shafa ƙarafan, ta yi murmushi. Sai ta buɗe, ta cusa kanta ciki. Ta daɗe a haka kafin ta ɗago.

"Warin fenti nake ji."

Sai a lokacin na gane. Shekara da shekaru, duk daren Juma'a takan turara rigunan Baba da turaren wuta da humra, ta ninke su da ɗuminsu ta rufe. Baƙin da na kankare da wuƙa hayaƙin nan ne. An raba rigunan bayan rasuwarsa, ƙamshin ne kawai ya rage mata.

Na fara kare kaina. "Inna, a waje fa na same shi. Ruwa ya dake shi, kaji sun ɓata shi."

"Na sani," in ji ta. "Kullum da hantsi nakan lallaba in bi garu, in je in buɗe shi. Ruwa bai taɓa shiga ciki ba."

Ta rufe murfin a hankali, ta ture shi wajena da tafin hannu.

"Ka sha aiki, ya wiledi, ɗana, Allah ya yi albarka. Kai shi gidanka, babu abin da zan nema a ciki."

 Ƙanena ya tashi ya kama mini ɗaya hannun sanduƙin har bakin titi. Har yau ina jin haushinsa, don da ya zage ni a ranar, da na sami wanda zan yi faɗa da shi.