Keken da Ba Ya Kai Mutum Ko'ina

Shekarun baya likita ya duba sakamakon gwajina ya ce sugana ya kai bakin gaɓa, in ban fara motsa jiki ba sai dai magani har ƙarshen rayuwa. Gabana ya faɗi, domin ciwon suga ne ya cinye ƙafar mahaifina kafin ya ɗauke shi gaba ɗaya.

Na fara da tattaki da safe a unguwarmu ta Galtimari, ban yi mako ba na haƙura. Duk wanda ya gan ni a ƙafa sai ya tsaya ya tambaya ko lafiya, masu keke napep na bina da hon, wata maƙwabciya har ta aiko a ji ko mun samu saɓani da maigida ne.

Sai na nufi Kasuwar Kwastam, shagon wani ɗan kasuwa Ibo mai kayan gwanjo. Ya so ya haɗa ni da wani keken motsa jiki mai allo da fitilu, na ce in aka ɗauke wuta fa? Na zaɓi wani tsoho mai nauyi, mai faɗin sirdi, wanda ba ruwansa da lantarki. Na hau in gwada, lafayar da na yafa ta naɗe a feda, sai da matarsa ta zo ta kwance ni tana danne dariya.

Da na isa gida na kira mahaifiyata na ce mata na sayi keke. Kuskurena ke nan, ban faɗi wane iri ba. A wurinta, in mace ta ce ta sayi keke, to na ɗinki ne. Washegari sai ga ta da ƙawayenta biyu da atamfofinsu na Sallah, ta riga ta shaida musu 'yarta ta zama tela.

Ta zagaya keken sau biyu, ta leƙa ƙarƙashi tana neman inda allura take. Da na yi mata bayani ta ce, “To shi wannan ina yake kai mutum?”

Na ce, “Ba ko'ina, Ya.” Haka muke kiran uwa a yarenmu.

Tun daga ranar, duk sanda ta zo ta tarar ina saukowa jiƙe da gumi sai ta yi mini sannu da yarenmu, ta ce, “Wushe da hanya, ya mutanen can?” Ina dariya, amma maganar tana yi mini ciwo. Ranar farko ma minti huɗu na yi na sauko ina haki kamar wadda ta yi dakan gero buhu guda. Akwai watan da keken ya zama wurin rataye mayafi. Abin da ke mayar da ni kansa shi ne tuna sandar mahaifina jingine a bayan ƙofa. A hankali na kai rabin awa kullum bayan sallar asuba, kafin rana ta buɗe.

Da na fara ramewa, mahaifiyata ta tayar da hankali, wai mutane za su ce ba a ciyar da ni.

Bayan kusan shekara na koma gwaji, likita ya ce ba na buƙatar magani. Daga asibiti gidanta na wuce na faɗa mata. Ta ce da mahaifina ya samu irin wannan keken, wataƙila da an binne shi da ƙafafunsa biyu. Sannan ta kama hannuna ta ce, “Wushe da hanya, 'yata.” Wannan karon babu zolaya a muryarta.

Na yi abubuwa a rayuwa da aka yaba mini, amma babu wanda nake alfahari da shi kamar wannan, don ba wanda ya taka mini feda ko sau ɗaya. Keken yana nan, fentinsa ya goge, yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Yau da safe ma na hau, kuma da na sauko ni na yi wa kaina sannu da hanya.