Ruwan Baƙi

Bandar kifi nake yi, tun muna ƙarƙashin Sakkwato. Tungarmu tana bakin tafki, gaba da Wara kaɗan. Ruwan da muke wanke kifi da shi, shi muke sha. Zawo ya ɗauke mini yara biyu. Ta ukun, ɗiya ce, ta fara bin hanyarsu: ciki kamar tulu, ƙafafu kamar kara.

Wata rana mai unguwa ya ce baƙi za su zo daga asibiti. Wai suna bin tungaye suna binciken abin da ya sa 'ya'yan masunta ke mutuwa, na 'yan kasuwa suna girma. Inda suka ga ruwa ya fi muni, nan za a haƙa rijiya. Ya ce gidana za su sauka, don ni ba na jin nauyin kowa.

Duk maganarsa, kalma ɗaya ta zauna mini: baƙi. Na leƙa randa, na ga ruwa launin kunu, 'yan ƙwari suna wasa a ciki. Innata ba ta koya mini miƙa wa baƙo irin wannan ba. Na ɗauki tuluna, na tuƙa kwalekwale zuwa Wara, gidan Alhajin da ke sayen kifinmu. Rijiyarsa ta siminti ce, har da murfi.

Matarsa ta dube ni ta ce, "Ke kuma, tafkin ya ƙafe ne?"

Na ce, "Baƙi gare ni, Hajiya."

"To ɗiba. Amma wanke hannu kafin ki taɓa guga, ƙarni kike yi."

Na wanke. Na ɗiba, na dawo gida na sauya ruwan randa, na share tsakar gida, na ɗaura wa ɗiyata zane ya rufe cikin.

Baƙuwar malamar asibiti ce, yarinya, da takalmin da bai san laka ba. Ta zauna kan tabarma tana tambaya. Me kuke ci? Na ce kan kifi da kayan ciki, tsokar tana tafiya kudu. Ina kuke kai mara lafiya? Na ce in ruwa ya kwanta, Yelwa. In bai kwanta ba, makabarta, bayan gari.

Sai ta ce, "Inna, ba ni ruwan da kuke sha."

Na kawo mata a sabon kwano, garau. Ba ta sha ba. Ta zuba a kwalba ta rufe. Na ce a raina, ya burge ta har za ta yi guzuri. Na ƙara mata.

Bayan kaka malamar ta dawo. Maigida yana gefe yana ɗinkin komar kamun kifi.

Ta ce, "Inna, mun auna. Duk bakin tafkin nan babu ruwa mai kyau kamar naku. Mun rasa gane abin da ke cin yaranku."

Maigida bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Tambayi mai tuluna."

Na gaya mata daga ina ruwan ya fito. Ta daɗe tana kallon randar. Ta ce a ɗebo mata na gaskiyar, na ɗebo, da ƙwarinsa. Ta ce za ta kai, amma masu haƙa sun riga sun wuce wajen Shanga. A rayuwata sau ɗaya aka taɓa sa ni cikin masu hali, shi ma da ruwan aro.

Matan tunga ba su zage ni ba, don kowacce haka za ta yi. Dariya kawai suka yi ta yi. In na wuce sai wata ta ce, "Uwar baƙi, ina rijiyarmu?"

A ranar, kafin malamar ta hau mota na tambaye ta abu ɗaya. "Ruwan Alhajin nan, in yaro shi yake sha, zawo zai bar shi?"

Ta ce, "Zai ragu sosai."

Ashe na tuƙa har Wara don baƙuwa mai lafiya, tawa tana kwance ban taɓa tuƙa mata ba. Washegari na ɗauki tuluna. Haka na yi ta yi, rani da damina, ni da maigida muna shan tafki, ɗiyata tana shan siminti. Cikin ya sauka. Yanzu 'ya'yanta ke cika mini kunne.

Duk zuwa sai Hajiya ta leƙo ta ce, "Yau ma baƙi?"

Nakan ce, "Guda ɗaya ce, Hajiya. Ba na so ta tafi."