Kwaɗon Zogale a Ɗakin Ajiya

Ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar firamare, ta unguwar Kara-Kara lokacin da ciwon suga ya same ni. Ajin ƙarshe nake riƙe da shi, ƴan shirin jarrabawar satifika. Da fari ƙishirwa ce kawai da yawan zagayawa, har yara suka saba: da na ajiye alli na nufi ƙofa, sai su ci gaba da kwafe abin da ke tabulo, babban allon aji.

Likita ya ɗora ni kan allura, ya ce in riƙa ci a kan kari. Da azumi ya gabato ya hana ni yi. Limamin unguwarmu ma ya ce Allah ya yi wa marar lafiya rangwame. Duk na yarda. Abin da na kasa shi ne kai loma baki a lakwal, inda ƙananan yara ma ke gwada rabin yini. Sai in karya a gida, in daure har a tashi.

Wata hantsi ina ba su dikte, wato shifta, haruffa suka soma rawa a idona, zufa ta jiƙe mini riga. Na zauna a gefen tebur, bakina ya yi nauyi. Malamin ajin da ke jikin nawa, wani dattijo Kirista, ya ji shirun ya yi yawa, ya leƙo. Matarsa ma'aikaciyar asibiti ce, don haka bai tsaya tambaya ba. Ya fito da ni waje, ya jiƙa suga ya ba ni.

Da na dawo hayyacina ya ce, "Malam, me ka ci tun safe?"

Na kira shi yadda ake kiran malamin lakwal, na ce, "Mushe, ina zan ci a gaban yaran nan?"

Ya ce, "Ni ma a watan nan ba na ci a idon jama'a, don kara. Sai mu ɓuya tare."

Daga ranar, in an kaɗa ƙararrawar hutu, ɗakin ajiyar littattafai muke shiga. Yau matarsa ta haɗo kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, gobe uwargidana ta dafo wake. Muna zaune kan karyayyun bencuna, ihun yara na shigowa ta taga, yana ba ni labarin mahaifinsa, tela a unguwar Zango, da yadda shi da abokansa suke hawan duwatsun unguwar Birni suna yara. In ranar ganin likita ta zo, ya haɗa ajina da nasa a gindin dalbejiya, ya yi musu lissafi har in dawo.

Shi ne ya matsa mini in gaya wa ɗalibaina gaskiya. Na tsaya na faɗa musu ciwon, da abin da ya kamata su yi in sun ga ina zufa. Ban ga wanda ya yi dariya ba. Wata ma ta ce kakarta haka take fama.

Mun kai ajin har jarrabawa, ban sake zubewa ba. Da ya yi ritaya ya koma Droum noma. Bara na kai masa ziyara, na tarar ido ya yi rauni, amma ina yin sallama ya gane muryata, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma kusa da shi. Sai bayan la'asar ya bar ni na tafi.