Makin da Yaya Ya Bari

Gem ɗin ruwan ɗorawa ne, tsawonsa bai wuce silifas ɗin yaro ba, murfin bayansa ya tsage an ɗaure shi da baƙin salatif. Yayana ne ya sayo shi wurin masu tsofaffin kaya a unguwar Jadid, nan cikin garin Sabha, ranar da ya wuni tsayuwar neman aiki ba wanda ya ɗauke shi. A jikinsa an rubuta wai wasa dubu tara da wani abu ne a ciki. Ƙarya ce tsagwaronta. Mun bi su ɗaya bayan ɗaya, kusan duk wasa guda ne ake canza masa riga: bulo na faɗowa daga sama, ka juya shi ka jera, layi ya cika ya ɓace. Yaya yakan ce da safe ya jera wa Larabawa bulo, da yamma ya jera wa kansa, kuma na yamman ne kaɗai ba a yi masa tsawa.

Shekarata goma a lokacin. Muna haya a ɗaki guda a unguwar Mahdiya, bayan wani shagon walda. Baba yana gadin gona a wajen gari, sai wata-wata muke ganinsa. Inna tana wanki da goge-goge a gidan wata Hajiya Balarabiya a unguwar Sukra. Ni kuwa ba ni da takardar da makaranta ke nema, don haka aikina shara, wanke-wanke, da jiran Yaya ya ajiye gem. Ba ya ajiyewa da wuri. In ya ba ni kuma sai ya tsaya a kaina yana sharhi, wai ina danna abu kamar mai kirɓa sakwara, wai ko makaho ya fi ni ganin rami. In yi fushi in wurga masa abinsa, bayan la'asar in dawo ina roƙo, don ni fushina ba ya kai magariba. Inna ta tsani kukan gem ɗin. Kayan shiririta take ce masa.

A saman allon, ta hannun dama, gem ɗin yana riƙe maki mafi yawa da aka taɓa ci. Na Yaya ne, dubu arba'in da bakwai da ɗari uku. Ni ban taɓa haura dubu shida ba. Shi ya faɗa mini cewa makin nan da batir yake rayuwa, in aka cire aka ɗan jima shi ke nan ya goge. Shi ya sa in zai canza, sai ya riƙe sababbin a leɓensa, ya fizge tsofaffin ya cusa waɗannan kafin in ƙirga uku.

Da ya cika sha tara ya ce ya gaji da Sabha. Zai hau Tarabulus, daga can ya tsallaka teku kamar yadda abokansa suka yi. Baba ya yi faɗa, Inna ta yi kuka, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Safiyar tafiyarsa, yana ɗaure jaka, ya miƙo mini gem ɗin.

"Ki riƙe min makina. Kar ki bari ya goge, in na dawo a kansa zan ɗora."

Ya kira sau biyu daga Tarabulus. A na uku ya ce gobe za su shiga jirgin ruwa. Daga nan ba mu sake jin muryarsa ba, kuma ba wanda ya kira ya ce ga abin da ya faru. Da an ce ya mutu, da an yi zaman makoki an yi sadaka. Ba a ce ba. Inna ta daina ambatonsa a gabanmu, sai dai wayarta ba ta rabuwa da ƙugunta ko banɗaki za ta shiga.

Ban san ranar da abin ya shiga kaina ba, amma na wayi gari na yarda cewa muddin makin nan yana kan allo, Yaya yana raye a wani wuri. Na san shirme ne, ko a lokacin na sani, kuma na san in Inna ta ji za ta ce in yi istigfari. Sanin bai hana ni komai ba. Na daina wasa don kar batir ya ƙare. Sau ɗaya a rana, bayan na gama shara, sai in kunna, in kalli lambar, in kashe, in tura shi ƙarƙashin katifa.

Duk da wannan tattali sai na ga lambar tana dusashewa, da sauri fiye da yadda na zata. Da farko sai na karkata gem ɗin wajen haske kafin in ganta. Daga baya bakwai ɗin ya fara rasa kai. Hankalina ya tashi. Lokacin kuma an shiga makonnin harbe-harbe, hanya a rufe, shaguna rabi a kulle. Na je neman batir wurin mai shagon bakin layinmu, wani dattijo ɗan Damagaram, ya ce, "Pil babu, ɗiyata, ko na rediyona ya mutu." Na tambayi mai walda, ya kore ni. Na buɗe tocilar Baba, nata manya ne ba sa shiga. Na bi juji biyu ina tona shara da kara, na sami guda huɗu duk sun yi tsatsa suna zubar da farin gari. Na dawo na zauna a bakin ƙofa ina kuka, maƙwabciyarmu ta ɗauka yunwa ce ta ba ni burodi.

Ran nan Inna ta tashi da zazzaɓi, ta ce in je Sukra in yi wankin a madadinta kar a ba wata aikin. Ina goge falon Hajiya na ga rimot ɗin talabijin a kan kujera. Ni da ban taɓa ɗaukar ko dabino ɗaya a gidan nan ba, na buɗe bayansa, na zare batiransa biyu, na cusa su a ƙullin zanina. Na mayar da murfin, na ajiye rimot ɗin inda na same shi. Na gama wankin ban san yadda na gama ba, na kamo hanyar Mahdiya da gudu, ina maimaita yadda Yaya ke yi: sababbi a leɓe, fizge, cusa.

Na shiga gida rana na tsaka. Gem ɗin yana kan tabarma a kife, salatif a warware, cikinsa fayau. Batiran biyu suna kan katanga a jere a kan murfin tukunya, suna shan rana.

Haka kowa yake yi a wurinmu. Batirin rediyo in ya yi sanyi a shanya shi a rana, a ɗan cije shi, ya ƙara kwana biyu. Inna ta yi wa rediyon Baba haka ya fi a ƙirga. Tana zaune a inuwa ta lulluɓa da mayafi, ta ce mini ta ga lambar yaron nan tana neman ɓacewa, shi ne ta ce bari ta taimaka mata tun da hantsi. A nan na gane dalilin da batirin ke saurin ƙarewa. Ashe in na fita ɗebo ruwa, ita ma ciro shi take yi ta kunna.

Na sa na satan. Gem ɗin ya yi ɗan kukansa, allo ya fito baƙi wuluk kamar sabo. A saman dama sifili ne a jere.

Abin da na faɗa wa mahaifiyata a ranar har yau ina neman gafararsa. Na ce ta kashe Yaya. Ba ta mare ni ba, da ma ta mare ni. Ba ta ma tambayi inda na sami batir ba, ita da take duba ƙullin zanina duk ranar da na raka ta aiki. Ta kalli allon ta daɗe, sannan ta tambaye ni a hankali ko akwai yadda za a yi a dawo da shi.

Na ce akwai. Sai a sake ci.

Na koma wasa kamar mai aikin lada. In gama shara in zauna, in gama wanke-wanke in zauna. Babban yatsana ya yi kanta. Inna da ta tsani kukan nan, yanzu in ta ji shiru sai ta leƙo. Hanya ta buɗe, ta riƙa sayo batir da kanta tana ajiye mini a kan katifa. Na haura dubu goma, na haura ashirin, na faɗi a talatin ya fi sau hamsin. Wahalar ba kaiwa ba ce kawai. Dole in tsaya daidai kan lambarsa in bar bulo ya cika allo, don in na wuce ba a komawa baya sai an sake gogewa.

Wata huɗu na yi. Wata ranar Talata da walaha na kai dubu arba'in da bakwai da ɗari biyu. Layi ɗaya ya rage, mai ɗari. Bulo na zubowa kamar ana jifa. Na ga rami na saka, ashe layi biyu zai cike. Ɗari uku ya hau. Na saki hannu, allo ya cika, lambar ta zauna a dubu arba'in da bakwai da ɗari biyar.

Na yi ta kallonta. Ba ni da ƙarfin wata huɗu kuma. Na ce a raina Inna ba ta yi boko ba, uku da biyar duk ƙugiya ce a wurinta. Na goge fuskata, na same ta tana tsince shinkafa a tire, na durƙusa na miƙa mata.

"Inna, ga shi na dawo da shi."

Ta goge hannunta a zani ta karɓa da hannu biyu. Ta kawo shi kusa da ido, ta bi lambobin da farcenta ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a na tsakiya.

"Sannu da ƙoƙari, 'yar nan," ta ce. "Amma wannan naki ne."

Ta ajiye mini shi a cinya, ta jawo tirenta.